An ja mana faiba a Makka, wace rauta mai katangar tsaro zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Makka da iyalina, kuma kwanan nan aka ja mana faiba, wato layin intanet mai sauri. Wi-Fi ɗin akwatin da kamfani ya ba mu ba ya kaiwa ɗakin baƙi, ga kyamarori biyu na sa a ƙofar gida. Lokacin azumi 'yan uwa masu Umra sukan sauka wurina, kowa da wayarsa. An ce in sayi rauta, wato na'urar raba intanet a gida, mai katangar tsaro. Wacce ta dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa alheri a sabon layin.

Da farko kada ka cire akwatin kamfanin. Ko STC ne ya ja maka, ko Mobily, Zain ko Salam, siririyar wayar nan da ke shiga cikinsa haske take ɗauke da shi, akwatin ne ke mayar da hasken ya zama intanet, kuma an yi masa rajista da layinka. Rautar da za ka saya bayansa za ta zauna, ka haɗa su da kebul. Ka kuma ja wa yara kunne kada su lanƙwasa wayar, gilashi ne a cikinta.

Maganar katangar tsaro kuwa, kusan duk rautar da za ka gani a shagunan Jarir ko eXtra tana da ita. Aikinta na mai gadi ne: in wayarka ta aika neman wani abu, amsar za ta shigo, wanda ya ƙwanƙwasa daga waje ba a kira shi ba, sai a mayar da shi. Saboda haka rubutun da ke jikin kwali kada ya ruɗe ka. Abin da ni nake fara tambaya shi ne, shin kamfanin da ya ƙera ta yana ci gaba da sabunta manhajar cikinta? Katangar da ta tsage ba a liƙe ba, ɓarawo ba ya shan wahalarta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata dabara mai zurfi ba, kalmomin sirri kusan 60 da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta kawai take gwadawa. Da waɗannan na'urori aka kai harin da ya hana mutane da dama shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar.

Na taɓa zuwa wani gida a Jidda, maigidan yana kukan intanet ba sauri. Na tarar da tsohuwar rauta a bayan talabijin, ƙura ta rufe ta, zafi har ba ta taɓuwa. Ramin kebul ɗinta megabit 100 ne iyakarsa, alhali shi yana biyan kuɗin abin da ya ninka haka. Kalmar sirrin kyamararsa kuwa admin ce, tun ranar da aka kafa ta. Wallahi abin ya dame ni, domin kyamarar tsakar gidan take kallo.

Don haka ka nemi mai ramukan gigabit (megabit 1000), mai Wi-Fi 6 da WPA3 (tsarin kulle Wi-Fi), wadda ke sabunta kanta. ASUS tana sa AiProtection kyauta a yawancin rautocinta, yana tare shafukan da aka san na damfara ne. TP-Link tana da HomeShield, wani ɓangare kyauta, sauran sai da biya. Kowacce cikinsu za ta ishi gida irin naka. Tunda ginin nan namu na kankare ne, kuma zangon Wi-Fi mai sauri na 5GHz ba ya jure bango, gara ka ɗauki mai guda biyu da ake kira mesh, ɗaya kusa da akwatin, ɗaya wajen ɗakin baƙi.

Ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. In aka saita sabuwar rautar a matsayin mai yaɗa Wi-Fi kawai, katangarta ba ta aiki, gadin ya koma hannun akwatin kamfani. Ka kira kamfanin ka tambaya ko za su mayar da akwatin gada, wato ya riƙa miƙa intanet kawai ga rautarka. In ba su yi ba, bar taka a cikakken matsayinta na rauta, ka kashe Wi-Fi ɗin akwatin.

Ranar da ka kunna ta, ka canza kalmar sirrin shiga saitinta, ka kashe WPS (hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ta danna maɓalli ko gajeriyar lamba) da damar sarrafa ta daga waje. In layinka na da IPv6 (sabon tsarin adireshin intanet), duba ka tabbata katangarsa ma a kunne take. UPnP ma, wanda ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa a katangar, kashe shi ya fi, ko da yake masu PlayStation a gidan za su iya yin ƙorafi. Baƙinka na Umra ka buɗe musu layin baƙi da kalmar sirrinsa daban. Ba rashin yarda ba ne, wayar mutum kan ɗauko cuta bai sani ba. Kyamarorin ma a ware su, kowacce da sabuwar kalmar sirri.

Abu ɗaya ne rautar ba za ta tsare maka ba: saƙon da ke zuwa da sunan banki ko Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ana neman lambar da aka turo maka. Wannan sai ka zaunar da Hajiya da yaran ka gaya musu kada su ba kowa, ko da mai kiran ya ambaci cikakken sunansu.