Amsar Baffa kan sa hannu a ƙasan zane

Ɗana, saƙonka ya iso, tare da zanen hannun da ke riƙe da kofi. Ka tambaya ko dole ne mai zane ya sa hannu da kwanan wata a ƙasan aikinsa, kuma ko abin kunya ne mutum ya kwaikwayi zanen wani ya sa a intanet.

Sa hannu ba dole ba ne, amma al'ada ce mai tushe, kuma ina so ka riƙe ta. Albrecht Dürer, mai zane na garin Nuremberg a Jamus wanda ya rasu a 1528, yana sa babban harafin A da ƙaramin D a tsakanin ƙafafunsa, sau da yawa tare da shekara. Da masu kwafe ayyukansa suka yi yawa, majalisar garin a 1512 ta umarci wani mai sayar da irin waɗannan kwafi ya cire alamar, ko a ƙwace kayan. Ka lura, alamar aka hana, domin ita ce ke cewa "hannuna ne ya yi wannan". Kwanan wata kuwa amfaninka ne kai: in ka jera zanen bara da na bana, za ka ga inda hannunka ya faɗa da inda har yanzu yake rawa.

Sa hannu shi ne aiki na ƙarshe. Ka fara da fensir mai tauri, 2H ko HB, kana shafa takarda a hankali. In ka danna, bakinsa zai yi kwari a jikinta wanda kilina ba ta cirewa. Sai ka bi da tawada: alƙalami mai bakin milimita 0.5 ko 0.8 don layin waje, 0.1 ko 0.2 don ƙananan layuka da inuwa. Daga nan ka ɗaga hannu. A zanenka tawadar ta ja jela daga babban yatsa zuwa bakin kofi, alamar ka goge fensir tun ba ta bushe ba. Ba ta minti goma aƙalla, fiye da haka in takardar mai santsi ce, sannan ka goge da kilina mai laushi ta fuska ɗaya, ɗaya hannun yana danne takardar kada ta yamutse. Takardar kwafi mai gram 80 ba ta jure wannan, nemi mai 120 zuwa 200.

Yawanci a kusurwar dama ta ƙasa ake sa hannu, da alƙalami siriri, don kada sunan ya ja ido kafin zanen. Kada ka kai shi can bakin takarda, firam zai rufe shi, kuma mai yanke hoto a waya zai datse shi ba tare da ya taɓa zanen ba. Matso da shi kamar santimita ɗaya daga layin aikin. A bayan takarda ka rubuta cikakken suna da rana da kayan da ka yi aiki da su, amma da fensir, domin biro yana tasowa ta gaba, tawadar alƙalamin maka (marker) kuma tana ratsawa.

Batun kwaikwayo, babu kunya a ciki ko kaɗan. Da shi kowa ya koya. Abin da masu sana'ar suka ƙi shi ne ɓoye tushe. In ka kwaikwaya, rubuta "an kwaikwayo daga zanen wane" kusa da sunanka, a jikin takardar, ba a rubutun da ke ƙasan hoto kaɗai ba, domin hoto yana yawo ya bar rubutun a baya. In mai shi yana raye, ka nemi izininsa kafin ka yaɗa, balle ka sayar. Wanda ka ɗora takarda shara-shara ka bi layinsa kuwa, wannan atisaye ne, bar shi a cikin littafinka, kada ka sa masa hannu.

Wajen ɗaukar hoto, ajiye zanen kusa da taga, ba cikin rana tsaka ba, ka kashe filas don fensir yana ƙyalli. Riƙe wayar daidai saman takardar, in ta karkata kofin zai fito a miƙe kamar kwalba. In sikanin za ka yi, ɗigo 300 a kowane inci ya isa zanen fensir, na tawada zalla a ba shi 600. Ka adana shi a nau'in fayil ɗin hoto na PNG, domin nau'in JPEG yana barin dauɗa-dauɗa a gefen layi. Babban fayil ɗin ya zauna a wurinka, ka yaɗa ƙarami. In ka sake zana hannun nan, turo min shi a matsayin fayil, WhatsApp yana matse hoto har siraran layuka su ɓace.

Baffanka.