Kawu, ba daji muke sakin yara ba

Kawu, barkanku da gida. Kun tambaya ko da hankalinmu muke barin yara su kutsa cikin itatuwa a kan dusar ƙanƙara, kamar yadda kuka gani a bidiyon da aka tura muku. Tambayar tana kan hanya, kuma iyaye da yawa cikin Hausawan Montreal sun yi ta kafin ku.

Wurin da kuka gani ba daji ba ne sakaka. Dutsen Sutton ne, nan jihar Kebek ta Kanada kusa da iyakar Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga gari, kuma tun 1960 ake wasan zamiya a kansa, wato sulalowa kan ƙanƙara da dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa. A irin waɗannan duwatsu hanya iri biyu ce. Akwai shararriya mai faɗi, wadda aka sare itatuwanta kaf, mota na bi da dare tana daddaɓe ƙanƙarar. Akwai kuma ta cikin itatuwa, wadda Sutton ya yi suna da ita. Kafin sanyi ya shigo ma'aikata ke shiga da zarto su cire ƙananan tsirrai, kututture da rassan ƙasa, su bar manyan bishiyoyi da tazarar da mutum zai ratsa. Kusan sassabe ne irin namu, inda ake share gona a bar gawo tsaye. Kowace hanya da sunanta a taswira, da alamar wuyarta a bakin shiga: koren da'ira ta masu koyo, shuɗin murabba'i ta matsakaita, baƙin lu'ulu'u ta gwanaye.

Abin da ke jan matasanmu can, ƙanƙarar ce. Iska ba ta kwashe ta, rana ba ta saurin narkar da ita, sai ta daɗe da laushi kamar yadda ta sauko. Ranar da hazo ya rufe dutse har ba ka bambanta sama da ƙasa, itatuwan ne ke nuna maka inda gangaren ya nufa. Malaman zamiya kan ce wa yaro ya dubi tsakanin bishiyoyi, kada ya dubi bishiya, don inda ido ya tsaya nan ƙafa ke zuwa.

Haɗari kam akwai shi, ba zan ɓoye muku ba. Bayan karo da itace, akwai ramin da ke samuwa a gindin bishiya mai rassa har ƙasa, inda ƙanƙara ba ta danƙare ba. Wanda ya faɗa da kai, numfashi na iya ƙare masa kafin a gan shi. An fi samun haka a yammacin Kanada, inda ƙanƙara ta fi zurfi.

Shi ya sa a cikinmu ba wanda ke shiga shi kaɗai. Biyu-biyu ake tafiya, kowa yana ganin ɗan'uwansa, hular kwano a kai, an zare hannu daga igiyar sandar da ake dogarawa wajen zamiya don kada reshe ya fizge kafaɗa. Yaron da bai ƙware a shararriyar hanya ba, ko ya yi kuka ba ya leƙa itatuwa. Ni dai na fi son in ga yaranmu a dutse ranar Asabar, mu yi azahar a gefen zauren hutawa, da a ce sun kulle a ɗaki da waya har sanyi ya wuce. A gaida Inna da mutanen gida.