Manhajar rage ƙiba da malmalar tuwo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko manhajojin rage ƙiba da ake saukewa a waya suna aiki, ko kuwa asarar data ce kawai. Na daɗe ina amfani da MyFitnessPal, kuma a ganina amfaninta bai wuce na littafin lissafi ba: tana nuna miki abin da kika ci, amma ba ta hana hannunki komawa cikin kwano.

A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a Los Angeles ta Amurka kan mutum 212 masu ƙiba, inda aka ba kusan rabinsu wannan manhajar. Bayan wata shida babu wani bambancin a zo a gani tsakanin nauyinsu da na sauran, kuma da yawansu sun yi watsi da ita tun bayan watan farko.

Mu kuwa tamu matsalar ta ɗara tasu, domin ba a tsara manhajar da abincinmu ba. Idan kin nemi tuwon shinkafa ko fura da nono, abin da za ki tarar wasu masu amfani da ita ne suka shigar da ka, alhali malmalar gidanku ba ɗaya take da ta maƙwabta ba, balle a ce ku huɗu kuka sa hannu a faranti ɗaya. Wa ya taɓa auna manjan da aka kwarara a miyar taushe? Cokali babba ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda manhajar ke lissafawa. Lissafin takun ƙafa da waya ke yi ma haka yake, tunda uwargida kan wuni tana kai-kawo a tsakar gida wayarta na ɗaki tana caji.

Duk da haka ta amfane ni sosai, saboda ita ce ta tona mini asirin lemon kwalba da shayi mai madara da sukari, waɗanda ban taɓa lissafa su cikin abinci ba. Rage su kaɗai ya sa sikeli ya fara motsi.

Shawarata ita ce ki tsaya kan ta kyauta, ki ware kwanonki da ludayinki don awo ya daidaita, ki kuma sami ƙawar da za ku riƙa duba na juna kowane mako. Idan kina shan maganin ciwon suga, kada ki rage abinci bisa lissafin waya sai kin ga likita, domin sugan jini yana iya faɗuwa ƙasa sosai.