Fistin ɗin birkin baya ya ƙi shiga

Tambaya: Malam barka da aiki. Honda Accord gare ni ta 2008, na zo canza fad ɗin birkin baya da kaina, na danna fistin har na gaji ya ƙi komawa ciki, alhali na gaba bai ba ni wahala ba. Ko kalifa (gidan fistin da ke matse fad a kan faifan birki) ce ta mutu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa kalifarka lafiyarta ƙalau, don Allah kar ka sa mata guduma. Na bayan Accord ba a danna shi kawai, murɗa shi ake yi kamar noti, saboda hambirki a cikin kalifar yake aiki. Sauke hambirki tukuna, ka sa dutse a tayar gaba, ka buɗe murfin man birki, sannan ka duba fuskar fistin ɗin za ka ga tsaga, nan za ka sa bakin filaya in ba ka da ƙarfen da ake yi da shi, kana murɗawa dama kana dannawa a hankali har ya shige, kana lura kar robar da ke kewaye da fistin ɗin ta yage. Tsagar ta daidaita da ɗan ƙurjin da ke bayan fad ɗin, in ba haka ba zai ci a karkace.

Ka goge fin biyun nan da kalifar ke zamewa a kansu ka sa musu giris, kuma hagu da dama tare ake canzawa, masu canza gefe ɗaya wai don tsimi wallahi kansu suke cuta. Kafin ka motsa motar ka taka birki sau da yawa sai ya yi tauri. Motoci masu hambirkin lantarki kuwa da yawansu sai an sa musu kwamfuta, wannan a kai wa bakanike.