Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya a kan manejar da conducir

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta cewa manhajar wayarka ta koya maka manejar, malamarku kuma ta soke shi da jan biro ta ce conducir ne tuƙin mota a Sifaniyanci, wallahi sai da raina ya sosu, don kalmar nan ta taɓa sa ni hawaye.

Ni a gonakin Murcia, nan ƙasar Sifen, na tsinci Sifaniyancina, a bakin 'yan Ekwado da muke cirar latas tare. Mutanen kirki, su suka riƙe ni lokacin da ban san kowa ba. A wajensu tuƙi manejar ne, mota kuma carro. Da na tara ɗan abin da na tara na shiga autoescuela, wato makarantar koyon tuƙi, ranar farko na ce wa mai koyarwa ina so in koyi manejar el carro. Mutumin nan ya ajiye biro, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce carro jaki ne ke jansa, in amalanke nake nema in koma gona. Yara 'yan shekara 18 suka bushe da dariya. Ni da 'ya'ya uku a gida! Kuma ya gane abin da nake nufi sarai, wulaƙanci kawai ya so. Bai tsaya nan ba, kullum na shigo sai ya ce ga mai amalanke ya iso. Mako uku ina haɗiyewa, in koma ɗaki in kasa cin abinci, daga ƙarshe na bar musu kuɗina na canja makaranta. Har gobe in na bi ta layin sai ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah.

Kai dai ba ka yi kuskure ba, kada kowa ya sa ka jin kunya. A Sifen conducir ake cewa, mota coche, lasisi carné de conducir. Manejar a nan sai dai ga inji, ko kuɗi, ko juya mutum. Amma Meziko, Kolombiya, Ajantina, Peru, kusan duk yankin Latin Amurka, a baki manejar ne, conducir sai a takardun hukuma. 'Yan Ajantina da Chile auto suke cewa, kuma a Puerto Rico za ka ji guiar. Mutanen da ke cewa manejar sun ninka mutanen Sifen yawa, ta yaya za a ce duk ba su iya harshensu ba?

In jarrabawar malamar ce a gabanka, ba ta conducir ɗinta ka wuce. Sai dai ka kula, conducir ba ya bin ƙa'ida: "ina tuƙi" conduzco ne, "na tuƙa" kuma conduje, ba conducí ba. Don Allah kuma, tunda maganar mota ake, coger el coche, wato ɗaukar mota, ba komai ba ne a nan, amma gaban ɗan Meziko ko Ajantina batsa ce, ka ce tomar.

In nan za ka zo, nemi littafin jarrabawar DGT, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, tun yanzu. Tambaya 30 ce, kuskure 3 kawai aka yarda, kuma da kalmomin Sifen aka rubuta ta. Kada ka biya makaranta kuɗi gaba ɗaya sai ka zauna a aji sau ɗaya ka ga halin mai koyarwar. Wace ƙasa ka nufa ne? Faɗa mini in rubuto maka kalmominsu.