Firiza biyu da kuɗin wuta: in zuba jarina a sola?

Tambaya: Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a gida, a nan Kano. Firiza biyu gare ni. Tunda aka mayar da layinmu Band A, wato rukunin da aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawa, katin wuta ba ya jimawa, kuma duk da haka sai na kunna janareta idan an ɗauke. Na kusa kwasar adashi, wani mai haɗa sola ya ce zai yi min na gida gaba ɗaya in na ƙara da kuɗin jarina. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Adashin dai ki sa shi a sola idan lissafi ya fito, amma jarin da kike sayen sukari da aya da leda, kada ki taɓa shi. Firiza mai sanyi babu kaya a ciki ba ta kawo ko sisi.

Kukan da kike yi kan kati gaskiya ne. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya koma wajen 209, bisa alƙawarin wuta ta awa 20 a rana. Sai dai ina so ki zauna da biro da takarda, domin ina zargin ba katin ne ya fi cin ribarki ba. Firizar da ake cika ta da ruwa kullum a zafin Kano tana iya shan yunit 3 a yini. Biyu sun zama 6, wato a wancan farashin kusan naira 1,250 a rana, abin da bai kai 40,000 a wata ba. Yanzu duba janaretan: matsakaici yana shan kusan lita ɗaya a awa, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kin san yadda lita ta koma. Wutar da yake ba ki ta ninka ta KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, tsada sau biyu ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Ƙara da asarar ranar da kunun aya ya yi tsami aka zubar. Waɗannan su ne kuɗin da sola za ta ceto miki da farko, kuma da su za ki auna ko ta biya kanta cikin shekara biyu ko uku.

Saboda haka maganar "gida gaba ɗaya" ban yarda da ita ba. Abin da ke sa sola ta yi tsada batir ne, shi kuwa batir aikinsa ajiye wuta don dare. Ke sana'arki ta yi sa'a, don ƙanƙara ita kanta ajiyar sanyi ce. Ki bar firiza ta yi aiki daga hantsi zuwa la'asar kai tsaye da hasken rana, da dare wutar kamfani ta karɓa in akwai, in babu a rufe murfi a hana yara buɗewa, za ta kai safe. Ki sa kuɗinki a farantan sola, batir kuma madaidaici. Faranti mai wat 550 yana ba da kusan yunit 2 a yini a yankinmu, don haka huɗu za su ɗauki firizan biyu da fanka da ƙwayaye. Inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda kayan gida ke aiki da ita, kada ta yi ƙaranci, domin injin firiza yana jan wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi, ƙaramar inbata sai ta yi ta ƙara tana yankewa. Dutsen guga da hita da risho na lantarki su zauna a layin NEPA.

Wajen batir, idan hali ya yi, ɗauki na lithium ko da ƙarami ne. Na ruwa ya fi sauƙin kuɗi, amma rabin abin da ke cikinsa kawai ya kamata a riƙa sha, kuma zafin Maris zuwa Mayu yana rage masa kwana, musamman in aka kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga. Cikin shekara biyu zuwa uku sai ki ji ana cewa a sake.

Kada ki ba mai haɗawa kuɗi dunƙule ya je kasuwa shi kaɗai. Ya rubuta miki kaya ɗaya bayan ɗaya da farashinsu, ki kai takardar wa mutum biyu a Sabon Gari su ma su faɗi nasu. Akwai farantan da ake canza wa takardar baya a ƙara musu wat, akwai tsohon batir da ake gogewa a sa a sabon kwali. Ki nemi rasit da garanti a rubuce, ki riƙe wani abu daga kuɗin aikinsa har sai firizan sun yi mako guda suna daskarar da ruwa.

Idan hunturu ya shigo, ƙura tana rufe farantan har wuta ta ragu sosai, sai a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin su ɗau zafi. Kuma kada ki sayar da janaretan tukuna. Wanda ya ga yadda Arewa ta yi kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 ya san amfanin hanya ta uku, balle a watan Agusta da hadari kan rufe rana yini guda.