Da wane littafi zan fara? Amsa ga wata malama daga Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Zinder. Da Faransanci na yi dukan karatuna, kuma ban taɓa karanta littafin labari na Hausa daga farko har ƙarshe ba. Bana na ɗaura niyyar karanta goma sha biyu daga cikin tsofaffin ƙagaggun labaran da ake yabawa, ɗaya a kowane wata. Waɗanne zan zaɓa, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya cika miki wannan buri. Shawarata ta farko ita ce ki rage adadin zuwa tara, domin wanda bai saba da rubutun Hausa ba yakan ci wata biyu kafin idonsa ya daina tuntuɓe, kuma littafi biyu daga cikin waɗanda zan ambata sun cancanci a maimaita su. Abin da ya fi yawan littattafan muhimmanci shi ne jerin da za ki bi, ta yadda kowane littafi zai share wa na gaba hanya.

Matsalar da za ki fara cin karo da ita ta haruffa ce. Wanda ya tashi da Faransanci ya saba rubuta "tch" inda Hausa ke sa "c", da "ch" inda take sa "sh", da "ou" inda take sa "u", ga kuma ɓ da ɗ da ƙ. Littattafan da aka buga a Najeriya suna rubuta 'y inda mu a Nijar muke rubuta ƴ, sannan da karin Kano aka daidaita rubutun, wanda ya ɗan bambanta da Damagarancin da kike ji a Birni ko a Kasuwar Dole. Maganin duk wannan shi ne karatu da murya, ko da shafi biyu ne kullum, domin kunnenki ya riga ya san harshen, ido ne kawai ke biye da shi a baya.

Saboda haka ki fara da juzu'i na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930. Ba labari ɗaya ne mai tsawo ba. Gajerun labarai ne da wani aku ke ba ɗan sarki don ya hana shi fita daga gida, kuma kowane ɗaya ana iya gama shi a zama guda bayan sallar isha'i. Imam ya ɗebo da yawa daga cikinsu daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, amma ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Ki ba shi wata biyu cur. Daga nan ki wuce zuwa Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, inda jarumin labarin, Alhaji Imam, ke yawon neman ruwan magani yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Gajere ne, ga ban dariya, kuma zai ba ki daɗin cewa kin kai ƙarshen littafi sukutum.

Ruwan Bagaja na cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, wadda daga ita ake ƙirga mafarin ƙagaggen labari a rubutun boko. Sauran su ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ba dole ne ki karanta su duka bana ba; Idon Matambayi yana iya jira.

Wanda ba zan yarda ki tsallake ba shi ne Shaihu Umar. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe ɗan kasuwa a Kano, aka ƙetara Sahara da shi, ya zama malami, yayin da mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Marubucin, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya, ya rubuta shi cikin natsuwa, ba ya ɗaga murya ko a wuraren da suka fi tsuma zuciya, kuma wannan natsuwar ce ke sa wahalar uwar ta daɗe a ran mai karatu. Ga mutumin Damagaram littafin yana da wani nauyi na daban, domin garinmu babban zango ne na ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus a ƙarni na 19, kuma bayi na cikin hajar da ake wucewa da ita. Wannan shi ne na farko da nake so ki maimaita.

Bayansa sai Ganɗoki, amma kada ki karanta shi shi kaɗai. Jarumin ya yaƙi Turawan Ingila a lokacin da suke cin ƙasar Hausa, ya yi gabas bayan an sha kashi, ya shiga ƙasashen aljanu, sannan ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, har ya sassauta ra'ayinsa a kansu. Idan kin gama, ki ɗauki Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Na san da Faransanci aka rubuta shi, kuma burinki na Hausa ne, amma labarin ƙasarmu ne: turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, shekarar da aka yi yaƙin Tirmini Faransawa suka shiga Zinder. Bello Kagara ya yi rubutu ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma hukumar Turawa ce ta buga masa littafin. Mamani kuwa ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba ta Nijar ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya yi nasa rubutun shekara ashirin bayan samun ƴancin kai. Idan kika jera su biyun za ki ga yadda zamanin marubuci ke shiga cikin alƙalaminsa, kuma wannan darasi ne da zai amfane ki a duk littafin da za ki buɗe nan gaba.

Jiki Magayi gajere ne, mako biyu sun isa. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin ya nemi fansa ta hanyar asiri, fansar ta faɗa kan ɗan mai kuɗin, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Watannin ƙarshe ki ba marubutan da suka zo daga baya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na farkon shekarun 1980, yana magana ne kan fasa-ƙwauri da cin hanci, abin da duk mazaunin kusa da iyaka ya san kamanninsa. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, na 1980, shi ake ɗauka littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma labarin wata Bafulatana ce da ta nace kan auren wanda take so alhali ba ɗan ƙabilarta ba ne. Ki rufe da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi wadda mijinta ya kora tare da ƴaƴanta bayan ya yi sabon aure, ta tsaya da ƙafarta ta riƙe gida. Akwai masanan da ba sa sa irin wannan littafi a sahun na gargajiya, suna kiransa adabin kasuwar Kano. Ban yarda da su a nan ba, domin ban san wani littafin Hausa da ya nuna cikin gidan aure da idon matar da ke zaune a ciki kamarsa ba, kuma shi ne na biyu da ya cancanci maimaici.

Game da samun littattafan, na Zariya an sha sake buga su saboda ana karantar da su a makarantun Najeriya, don haka sun fi sauƙin samu a wajen masu sayar da littattafai a Kano. Ki rubuta sunayen littattafan da na marubutansu a takarda ki ba wani mai zuwa can, ki roƙe shi ya duba shafukan kafin ya biya, domin akwai bugun jabu da shafuka ke ɓacewa ko tawada ta dushe. Kada ki jira sai sun taru duka. Da Magana Jari Ce ya shigo hannunki ki fara. Ki kuma tanadi ƙaramin littafin rubutu inda za ki riƙa ajiye duk kalma ko karin maganar da ta shige miki duhu, ki kai wa wata dattijuwa a unguwarku, domin da yawa daga kalmomin Imam da Tafawa Ɓalewa suna nan a bakin tsofaffin Damagaram.